Liyafar magabata a wani gidan abinci na Bauchi: masa ta yi, hira da saura

Akwai wani gidan abinci a Bauchi, can ɓangaren GRA, da ya shigo da wata hidima wadda ƙungiyoyin makaranta littattafai da malaman makarantu suka fara ɗauka. Tsohuwar tambayar nan ta zauren hira suka mayar sana'a: da za a ba ka dama ka tara marubuta da manyan mutanen tarihi a tabarma ɗaya ku ci tuwon dare, su wa za ka gayyata? Kai za ka kawo sunayen. Su kuma su dafa abincin da ya dace da zamanin baƙin naka, su shirya wurin zama, su kawo wanda zai zauna a madadin kowane baƙo, wato wakili, ya amsa tambayoyin mahalarta daga abin da mutumin ya rubuta ko aka rubuta a kansa. Girkin ya kai a biya kuɗinsa. Tsarin zaman yana son gyara. Hirar kuwa, daɗinta ko rashinsa yana ga sunayen da ka miƙa tun farko.

Kama wuri ba wuya. Ana sanar da su da kwana 10, a biya rabin kuɗi, a ba da sunaye. Rumfar da ke bayan gidan tana ɗaukar mutum 12 masu ci, ban da wakilai, kuma suna karɓar baƙin tarihi har 6. Kwana 10 ɗin nan na wakilai ne, don su samu su yi karatu, domin yawancinsu ɗaliban jami'a ne da malaman sakandare masu nasu aikin. Wanda ya matsa aka shirya masa cikin kwana 3, abinci zai samu yadda ya kamata, amma wakilin da zai zo ya karanta shafi biyu ne a waya a kan hanyarsa ta zuwa. Kuɗin kashi uku ne: na abinci a kan kowane kai, ladan kowane wakili, da hayar rumfa. Na abincin yana hawa da sauka da farashin shinkafa da nama a kasuwar Muda Lawal, saboda haka a nemi a rubuta shi a takarda ranar da aka biya kafin alƙalami.

Baƙi 6 sun yi yawa, ko da gidan ya yarda. Hirar minti 90 ce. Mai jagorantar zama yana cin minti 10 wajen buɗewa da addu'a, kowane wakili yana ɗaukar minti 5 ya gabatar da mutuminsa. In su 6 ne, minti 40 ya tafi ba wanda ya yi tambaya, saura 50 a raba wa mutum 12, amsa da tambaya duka. Baƙi 3 ko 4 sun isa, kuɗin ma ya ragu.

Teburin da ya fi kowanne armashi shi ne na Bauchin shekarun 1940: Malam Sa'adu Zungur, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Malam Aminu Kano, a ƙara da Abubakar Imam a matsayin baƙon da ya zo daga Zariya. Ba a buƙatar a ƙago musu abin da za su yi gardama a kai, sun riga sun yi ta da kansu. Ukun farko sun zauna a garin nan lokaci guda, Ɓalewa da Aminu suna koyarwa a makarantar Midil, sun kuma haɗu a dandalin muhawarar da aka kafa a farkon shekarun nan, wanda hukuma ta rufe da tambayoyi suka fara zafi a kan mulkin En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya. Daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ɓalewa ya zaɓi gyara daga ciki: a 1950 ya tashi a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a sake fasalin En'e, ya tafi da jam'iyyar NPC, ya zama Firayim Minista a 1957. Aminu ya bi jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950 ɗin. Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga babbar kwalejin Yaba, ya riƙe sakatare a jam'iyyar NCNC ta Azikiwe a Legas, ya dawo gida da alƙalaminsa mai kaifi, ya rasu a 1958 bai ga 'yancin kai ba. Imam kuwa a 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma shi da Ɓalewa duk sun shiga gasar rubutun 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Tambaya ɗaya tak, shin sarauta gyara ta za a yi ko rage mata ƙarfi, ta isa ta riƙe teburin nan har dare ya raba, kuma kowane wakili yana da takardar da zai dogara da ita.

A teburin nan ne ake ganin bambancin wakili da wakili. Mai zama a madadin Ɓalewa malamin sakandare ne da ya saurari muryar marigayin a faifai, har da jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 7 ga Oktoba 1960, ya kuma ɗauki natsuwar maganarsa ba tare da ya mayar da ita wasan kwaikwayo ba. Gabansa akwai 'yan takardu da ya ja wa layi da jan biro. In wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me Firayim Minista zai ce game da tsadar man fetur?", sai ya kife takardun ya ce, "Ɗan'uwa, marigayi ya rasu a Janairun 1966, bai ga wannan ba, ni kuma ba zan ari bakinsa in ci masa albasa ba. In kana son abin da ya ce a kan talaka da En'e, ga shi nan, sai ka auna da kanka." Wannan shi ne aikin da ake biya. Akasinsa shi ne wakilin da ya ga ana tafa masa, sai ya saki takarda ya kama zuba, kafin a ankara Sa'adu Zungur ya koma mai tallar wata jam'iyya ta yau. Yana faruwa, kuma a Bauchi ba ƙaramin abu ba ne, don mutanen nan suna da 'ya'ya da jikoki da dangi a cikin gari, wataƙila ma ɗayansu na zaune a tabarmar. Laifin rabi na wakili ne, rabi na mai jagorantar zama, wanda gidan ke ɗauka don iya magana maimakon sanin tarihi. Ya kamata ya zama mai iya katse mutum ya ce, "Allah ya gafarta malam, a ina aka rubuta wannan?" Ƙungiyar da ke da irin wannan mutum a cikinta ta kawo nata, gidan ba ya hanawa.

Tebur na biyu shi ne na zamanin jihadi, kuma a nan gidan ya yi hankali. Ba sa sa kowa ya zauna a madadin Shehu Usmanu. Buzu suke shimfiɗawa, a ajiye gafaka a kai, a bar wurin haka. Wakilan sarakuna ba sa naɗa rawani mai kunne biyu, ba sa yafa alkyabba, kuma ba sa cewa "na yi" sai dai "an ruwaito ya yi". Wanda ya san yadda fada take ya san dalili. Matsalar ita ce kowa a nan yankin Yakubun Bauchi yake nema, mutanen Gombe kuma Buba Yero, alhali abin da ya iso hannun mai karatu na kalaman bakinsu kaɗan ne. Wakili zai faɗi cewa Yakubu almajirin Shehu ne, Bageri, ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya rasu a 1845. Buba Yero ya karɓi tuta, ya zauna a Gombe Abba, ya rasu a 1841. Bayan nan sai labarin yaƙe-yaƙe, wanda ba hira ba ne, lacca ce. Maganin abin a ƙara musu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno. Waɗannan biyun sun yi musayar wasiƙu a kan halaccin yaƙar Borno, ƙasar da ta daɗe da Musulunci, kuma Bello ya adana muhawarar a littafinsa Infaƙul Maisuri. Da zarar an karanta hujjar kowanne, sai a juyo ga Yakubu, wanda shi ne ya mayar da rundunar Shehu Laminu baya a 1827 lokacin da ta doshi Kano. Teburin ya ɗaure ke nan. Sharaɗinsa wakili mai karanta Larabci, kuma gidan mutum ɗaya yake da shi, don haka a tambaya ko yana gari kafin a biya.

Na uku shi ne wanda aka fi saye kuma ya fi rauni: a haɗa Sarauniya Amina da Ibn Baɗuɗa da Achebe da Mandela da duk wanda ya faɗo a rai. Taron tsintsiya ba shara. Ba abin da ya haɗa su, kowane wakili ya karanto tarihin rayuwa ya zauna. Amina ma ba ta bar rubutu ba, 'yan layuka ne a tarihin Kano da ambaton da Bello ya yi mata, sauran duk gaɗa ne da tatsuniya, saboda haka wakiliyarta ko ta yi shiru ko ta ƙaga.

Abinci shi ne ƙarfin gidan, kuma masa ce kan gaba, kamar yadda ya kamata a Bauchi. A gaban mutane ake suyar, a tandar ƙasa a kan garwashi, can gefen rumfa. Shinkafar tuwo suke jiƙawa tun dare, da safe a dafa kashi ɗaya cikin biyar ya yi luguf, a haɗa da ɗanyar a kai niƙa da albasa, a sa yis da ɗan nono, a rufe. Mudu ɗaya yana ba da masa 50 zuwa 60, gwargwadon zurfin gurbin tanda. Ga mutum 12 da wakilai 4 suna kwaɓa mudu ɗaya da rabi, kowa ya samu 5. Mai suyar tana ɗiga mai a gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, ta bar gefen ya yi ja ya ɗago da kansa kafin ta sa cokali ta juya, ba ta taɓa danna ta. Abin da ke fitowa ɓawonsa yana ƙaras, cikinsa fari ne mai ƙofofi, yana shan miyar taushe ba ya dagargajewa.

Inda take ɓaci sananne ne. A watannin Maris da Afrilu ƙullu yana tashi cikin awa 3 zuwa 4. In an kwaɓa da safe don cin dare, kafin magariba ya yi tsami, sai a kashe tsamin da ruwan kanwa, in hannu ya zarce kuma masar ta yi rawaya ta ɗauki ɗaci. Da hunturu akasin haka ne, ƙullu ya ƙi tashi, masa ta fito daƙiƙa, sai an kwaɓa da ruwan ɗumi an ajiye kusa da murhu. Na uku, wanda ya fi yawa, laifin mahalarta ne: an ce ƙarfe 7 an zo ƙarfe 8, mai suya ta gaji da jira ta soye ta zuba a kula. Minti 20 a cikin kula ya isa tururi ya kashe ɓawon. A gaya musu kada su ɗora tanda sai mutum 8 sun zauna.

Miyar taushen ta kabewa ce da alayyahu da ɗan yakuwa, an ɗaure ta da gyaɗa, da ƙashin rago. Tana da kyau, sai dai hannunsu yana da nauyi a dunƙule, abin da bai dace da tukunyar da ake cewa ta magabata ba ce. Daddawa ta isa in an daka ta da kyau an sa ta tun wajen tafasa nama. Ga teburin 1940 wannan ita ce cimar, a biyo da gasasshen naman rago, zoɓo mai citta da kanumfari, a rufe da shayi.

Ga baƙin da suka rayu kafin 1500 suna da wata tukunya dabam, kuma a nan suka burge. Tumatir da barkono da gyaɗa da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492, don haka ba za su shiga akushin irin su Ibn Baɗuɗa, matafiyin da ya ziyarci daular Mali a 1352, ba. Abin da suke kawowa tuwon dawa ne ko na gero da miyar kuka, an kaɗa ta da daddawa da man shanu, yajinta masoro da kimba da citta, sai dambun acha, wake da riɗi, fura da nono da zuma, dabino a faifai. Miya ba attaruhu tana ba mutanen yanzu mamaki a loma ta farko, amma masoro yana riƙe ta in an daka shi a lokacin, ba wanda ya kwana a leda ba. Akwai kuma abin dariya da wakilin Ibn Baɗuɗa ya kamata ya sani: a garin Walata an tarbe shi da dakakken gero da zuma da nono a ƙwarya, ya raina karɓar ƙwarai, a fadar Mansa Sulaimanu, sarkin Mali, kuma da aka aiko masa da gurasa 3 da soyayyen nama da ƙwaryar kindirmo, dariya ya yi wa kyautar. Wato abin da za a ajiye gabansa a rumfar nan kusan shi ne abin da ya kushe. Wakilin da ya san wannan ya samu hirar rabin awa a ƙwaryar fura. Wanda bai sani ba sai ya sha ya ce madalla.

Kuskure ɗaya a tukunyar nan: wani lokacin suna sako zoɓo da sukarin kanti da ƙanƙara a robar lemo, a ajiye kusa da akushi. A ce musu zuma, a kuma ce randa ko tulu.

Zaman mata dabam yake, bayan la'asar, kuma Nana Asma'u ce baƙuwar da ba ta da na biyu. Hakan daidai ne, don ba wanda ya san tarihinta da zai zaunar da ita a akushi ɗaya da maza. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Fillanci da Hausa da Larabci, ta kafa tsarin 'yan taru inda malamai mata da ake kira jaji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Wakiliyar ba a matsayin Nana take zama ba, a matsayin jaji take zuwa, da malfa a ka, wanda ya warware matsalar ladabi baki ɗaya. Abin da ya rage shi ne waƙoƙin nan don rerawa aka yi su, ita kuma karanto su take yi daga takarda, na Fillancin kuma tana tsallake su don ba ta jin harshen. Masu zuwa daga Gombe ko Misau ba za su rasa wata Inna ko Gwaggo a cikinsu da za ta iya ɗaukar wannan ɓangaren ba. A aiko mata da baitocin tun da wuri.

Babban gyaran da tsarin ke so yana wajen lokaci. Gidan ya ɗauko salon Turawa na a ci ana magana, a fara komai bayan isha'i. Ba ya tafiya da mutanenmu. Dattijo ba ya doguwar magana da loma a hannu, Bafillace mai kunya ba zai saki jiki ya ci ana kallonsa ana jiran amsa ba, wakili kuma ba zai juya takarda da hannun miya ba. Abin da ke faruwa shi ne abinci ya huce, hira ta yi ta yankewa. Tsarin da ke aiki: a hallara a yi magariba tare, a zauna a ci a natse na minti 40, a wanke hannu, a kwashe kwanuka, a yi isha'i, sannan a dawo kan shayi da dabino a buɗe hira wajen ƙarfe 8 da kwata, a tashi kafin ƙarfe 10. Suna yarda in an nema, amma ba sa kawo shawarar da kansu, don yana riƙe musu rumfa awa ɗaya fiye da yadda suka saba.

Sauran ƙananan abubuwa ne, sai dai suna iya ɓata dare. Janareta yana bayan katangar rumfa. In wuta ta ɗauke, wanda ke ƙarshen tabarma ba ya jin wakili, kuma lasifikar da suke kawowa don maganin haka tana mayar da hira taron siyasa. Fitila mai caji guda 4 ta wadatar, a kashe injin. Daga Yuni zuwa Satumba rumfar tana feshi ta gabas, ga sauro. Disamba da Janairu a zo da abin rufa, a nemi kaskon wuta. A tanadi kujeru 2 ko 3 masu jingina don dattawan da gwiwa ba ta barinsu zaman tabarma na awa biyu. Katin da ake ajiyewa gaban kowane wakili, mai ɗauke da shekarun haihuwa da rasuwa da ayyukan baƙo, rubutunsa ƙanana ne ƙwarai, kuma a duba shi kwana ɗaya kafin zama, don ana samun shekarar da ta kauce ko sunan da aka rubuta ba ƙugiya.

Sai maganar waya. Gidan ba shi da doka a kan ɗaukar bidiyo, kuma ya kamata a ce yana da ita. Guntun minti ɗaya na wakili yana magana, an yanke farkonsa inda ya ce "an ruwaito", an rubuta sunan Aminu Kano ko Sa'adu Zungur a ƙasa, kafin wayewar gari ya zaga WhatsApp a matsayin maganar marigayi. Mai shirya zama ya sa wannan cikin yarjejeniya tare da farashi da sunan wakilan da za su zo: hoto a yi kafin a fara ci, wayoyi su shiga faifai ɗaya in an buɗe hira, wanda kuma yake son abin tafiya da shi a ba shi kwafin takardun da wakilai suka karanto, da sunan littafi da lambar shafi.